Kaset ɗin Gwaggo da Wutar Mai Walda

Shagona a Kaura Namoda bai fi faɗin tabarma biyu ba. Yana kan hanyar da ke gangarawa tashar jirgin ƙasa, jingine da rumfar wani mai walda. Aikina zuba wa mutane karatu da wa'azi a memori, da gyaran waya idan lalacewar ba ta yi nisa ba, sai kuma abin da ya fi kawo mini tsofaffi, wato juya tsohon kaset ya koma memori. Wutar gwamnati ba ma sa ta a lissafi. Daga injin wutar mai walda nake jan waya, ni da wani mai aski da ke bayansa.

Mai waldan nan mutumin kirki ne, amma yana da wata ɗabi'a da duk layin ya sani. Ladan na buɗe baki, hannunsa na kan makashin inji. Ba ya leƙowa, ba ya cewa ku shirya, ko da ƙarfe na ja a gabansa. Mai aski ya sha barin mutum da rabin kai. Tun farkon zamana na yi masa magana, ya ce shi bai ga dalilin da inji zai riƙa gardama da ladan ba, in ina da aiki in gaya wa aikin ya jira. Ina da akwatin batirin da ke riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci, amma zafin bazara ya kumbura shi tun tuni, na tura shi ƙarƙashin benci ina ɗora ƙafa a kai.

Da na ga mutumin ba zai canza ba, sai na horar da kwamfutar ta saba da shi. Akwai wata folda a cikinta da ake kira tmp, inda take jibge duk abin da take aiki a kai kafin a ce mata ta adana. Manhajar da nake ɗaukar murya da ita nan take zuba sautin yana shigowa, ba ta san wani wuri ba. A ƙa'ida duk sanda kwamfuta ta tashi tana share foldar, ni kuma na hana ta. Saboda haka idan mai walda ya kashe inji ina tsakiyar aiki, sai in ɗauki buta in bi sahu. In an idar an tada inji, in kunna, manhajar ta tambaye ni ko ta dawo da aikin ɗazu, in ce mata dawo da shi mana. Shekaru muna haka da ita, ban taɓa asarar ko tari ɗaya ba.

A makon da nake ba da labari na ɗora wa kwamfutar sabon zubin babbar manhajar da ke tafiyar da ita, don tsohon ya daina gane sababbin wayoyin da ake kawo mini. Ta tashi lafiya, fuskarta ta yi kyau, wayoyi suka shiga. Na duba firinta, na duba sauti, komai daidai. Har na yi wa mai aski fariya.

Ran nan da hantsi Gwaggo ta iso daga Shinkafi. Yayar mahaifina ce, a hannunta na yi wani yanki na ƙuruciyata, a wani ƙauye gaba da Zurmi. Mijinta, da muke kira Alhaji, ya tafi aikin hajji ina ƙarami, ya zauna can Makka yana ɗinki, duk shekara ya aiko da kaset ta hannun alhazan da ke dawowa. A taru a tsakar gida a saurara, a yi ta maimaitawa har batir ya mutu. Can ya rasu, can aka binne shi, Gwaggo ba ta ko san yadda makwancinsa yake ba. Lokacin da ɓarayin daji suka tashi ƙauyen, an bar rumbuna, an bar komai, kaset ɗin nan guda ɗaya ne ya biyo ta, shi ma don yana cikin ƙullin zannuwanta. Yanzu tana zaune wurin ɗiyarta a Shinkafi, kuma duk unguwar babu mai rediyon da ke cin kaset.

Bayan mun gaisa ta kwance bakin zani ta miƙo mini shi. Ta gaya mini sharuɗɗanta tun kafin ta zauna. Ba za ta kwana ba, jikarta ta haihu kuma ita ke yi mata wankan jego. Kaset ɗin ma ba zai kwana a hannun kowa ba, har ni. Hanyar Shinkafi kuwa kowa ya sani, daga La'asar babu direban da zai sa motarsa a kanta. Sannan ta dubi lasifikar da ke bakin ƙofa, ta dubi mazan da ke zaune rumfar walda.

“Ɗan ga, kak ka kunna shi a hili,” ta ce. “Ba ni son in ji shi cikin mutane. In na koma in shiga ɗaki in ji abina.”

Na ce an gama, Gwaggo. Na shimfiɗa mata tabarma a inuwar shagon, na aika aka sawo mata fura.

Kaset ɗin ya ba ni tsoro tun kallon farko. Zaren ya manne da juna saboda zafi da daɗewa, sai da na sa biro na yi ta juya shi a hankali har ya saki. Na goge kan rediyon, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zaren, da auduga, na haɗa waya zuwa kwamfuta, na sa iyafis a kunne, na yi bisimilla na danna. Sai ga muryar Alhaji, tarau, kamar jiya ya yi maganar. Ya yi sallama, ya gode wa Allah, ya fara gaisuwa yadda ake yi a irin wannan kaset: mahaifiyarsa tukuna, sai maigari, sai liman, sai yayye da ƙanne, kowa da sunansa da na gidansa. Ya tambayi gero, ya tambayi ko an yi wa rijiyar masallaci gyara. Matar mutum kuwa ai ba a fara ta da ita, kunya ba ta bari, sai an gama da kowa a ambace ta a gurguje ba tare da suna ba. Haka shi ma ya yi, can dab da ƙarewar zaren.

Ni dai rabin hankalina na kan maganar, rabi na kan allon kwamfuta, ina lura da layin sautin kada ya yi sama ya fashe. Ga mai walda ya kama yankan ƙarfe, ƙarar na ratsa iyafis ɗin, ina ta ɗaga masa hannu yana ɗaga mini shi ma, a zatonsa gaisuwa ce. Da zaren ya ƙare na buɗe rediyon, na ga wani gari ja-ja ya taru a kan ƙarfen da zaren ke gogawa. Fatar zaren ce ke zuba, kuma a jikin fatar nan muryar take. Na ce a raina, to alhamdu lillahi, sau ɗaya ake buƙata kuma an samu. Na fara yanke shirun farko da na ƙarshe don in adana shi tsaf, sai ladan ya kira Azahar, allon ya yi baƙi.

Ko a jikina. Na ɗauki buta, har na tsaya na tsokani Gwaggo cewa furar Kaura ta fi ta Shinkafi, ta ce bakina da bai san nono ba ne ke faɗin haka.

Da aka idar aka tada inji, na kunna. Manhajar ta buɗe fayau, ba ta tambaye ni komai ba. Na rufe ta na sake buɗewa. Shiru. Na leƙa foldar tmp, wayam, sai wasu 'yan tarkacen da kwamfutar ta zuba a yanzun nan da ta tashi. Zufa ta karyo mini har cikin ido. Na waiga, Gwaggo na jan carbi tana kallon masu keke napep da ke wucewa.

Farko na ɗauka sabon zubin ne ya warware hanin da na yi na shara. Na buɗe wurin, na tarar da hanina na nan yadda na rubuta shi. To in ba a share ba, ina abin ya tafi? Na sa ta jero mini duk ma'ajiyoyin da ta ɗaura da ta tashi, da inda ta ɗaura kowace. Nan na ga abin da ban taɓa gani ba a tsohon zubi. Foldar tmp ba ta kan faifan cikin kwamfutar kuma. An ɗauke ta an ɗaura a kan ram, ƙwaƙwalwar nan da ba ta riƙe komai sai da wuta. A da hatsin a rumbu ake zuba shi, yanzu a tafin hannu take riƙewa, wuta na ɗaukewa hannu ya buɗe. Babu wanda ya share muryar Alhaji, tun farko ba a taɓa rubuta ta a ko'ina ba.

Wallahi raina ya ɓaci. Na laluba a waya, sabis na zuwa yana tafiya, na samu bayanin da masu abin suka rubuta. Wai sun yi haka ne don aiki ya ƙara sauri kuma faifai ya huta. Sauri! Mutanen da wuta ba ta taɓa ɗauke musu suna tsakiyar magana ba, su ne suka zauna suka yanke wa Kaura hukunci. Da sun zo sun yi wuni ɗaya a layinmu da sun san faifai ba hutu yake nema ba. Na yi tsaki har mai aski ya leƙo ya koma.

Sai wani tunani ya faɗo mini. Idan sabuwar foldar an ɗaura ta ne a kan tsohuwar, ai tsohuwar na nan a ƙarƙashi, an rufe ta ne kawai. Wa ya sani ko wani abu ya zuba ciki? Na rufe duk abin da ke buɗe, na kwance ɗaurin da ƙyar, don ta yi ta ce mini ana amfani da wurin. Ta saki, na leƙa. Ga fayiloli kuwa, jibgi! Na fara buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Wa'azin wani malami da na juya tun kafin azumi. Kiɗan bikin wani dillalin hatsi. Muryata ina gwada makirfo ina cewa ɗaya, biyu. Duk kayan da ne, na kafin sabon zubi, babu na yau ko ƙwaya.

Mai walda ya leƙo yana goge hannu da tsumma. “Injiniya, mi ya hwaru? Na ga kana zuhwa kamar kai ka yi waldar.”

Na so in sauke masa duk abin da ke cikina, amma me zan ce? Yau ya fara kashe inji? Na ce masa babu komai, ya dai tsaya kusa zan neme shi.

Na je na durƙusa gaban Gwaggo na gaya mata gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Na ce aikin ɗazu ya tafi da wutar, dole a sake kunna kaset ɗin, kuma zaren na zuba, ban da tabbacin zai jure zagaye na biyu. Na roƙe ta ta bar mini shi in nemi rediyon da ya fi nawa taushi, ko a Gusau ne. Ta dubi rana. Ta ce ita ba ta san ko za ta sake biyo hanyar nan ba, ni ma ban sani ba, in kunna kawai.

Amma ba zan kunna ba sai na tabbata abin da ya shiga zai zauna, don injin mai walda ko ba ladan yakan shaƙe ya mutu idan ya kama ƙarfe mai kauri. Akwai wani fayil da kwamfuta ke karantawa tana tashi, sunansa fstab, shi ke gaya mata wace ma'ajiya za ta ɗaura a ina. Na buɗe shi na ƙara layi, na ce ta ɗaura tmp a kan wani faifai na biyu da ke cikin kwamfutar, wanda ya fi fili. Na kashe na kunna. Ta fara tashi, ta tsaya. Wani ɗan tauraro ja ya kama kai da komowa a gefen allo, tana jiran faifan. Faifan nan tsoho ne, yana da nauyin tashi, tsohon zubi ya saba jiransa. Na tashi tsaye, na zauna, na sake tashi. Na fita bakin ƙofa na dubi inuwar rumfa, ta fara miƙewa zuwa titi. Na dawo na tarar ta gaji da jira ta jefa ni cikin baƙin allo, babu hoto babu komai, wai an shiga halin gaggawa, in sa kalmar sirri in gyara da kaina.

Inna lillahi. Ɗazu murya ce babu, yanzu kwamfutar ma ta ƙi tashi. Na sa kalmar sirri, yatsuna na zamewa a kan madannai saboda gumi, na buɗe fayil ɗin na goge layin da na ƙara. Na ce wa kaina kai, bar neman gwaninta, mayar da abu yadda yake. Na nemo ɗan umarnin da sabon zubin ke bi ya ɗaura tmp a kan ram, na toshe shi gaba ɗaya yadda ko ta neme shi ba za ta same shi ba. Na kunna. Ta tashi, na duba jerin, tmp ta koma kan faifai inda na san ta.

Ban yarda ba sai na gwada. Na ɗauki muryata ina karanta Fatiha, ina tsakiya na ƙwala wa mai walda kira na ce ya kashe inji. Ya ce ba a kira salla ba. Na ce don Allah kashe. Ya kashe yana gunaguni cewa yau kuma ni ke roƙon a kashe, ya tada, na kunna, manhajar ta tambaye ni ko ta dawo da aikin ɗazu. Saura kaɗan in rungume allon. Na roƙe shi ya ajiye yankan ƙarfe har in gama, ya dubi Gwaggo, ya ajiye, amma ya ce La'asar dai La'asar ce.

Na mayar da zaren zuwa farkonsa da biro, don ban yarda rediyon ya ja shi da ƙarfi ba. Na sake goge kan, na danna. Muryar ta fito, amma ta dushe, kamar yana magana daga bayan zana. Wasu wuraren ta nutse ta taso. Na ƙara mata ƙarfi, na ce ko haka aka samu an gode. Ya gaida mahaifiyarsa. Ya gaida maigari da liman. Idona ɗaya kan zaren, ɗaya kan inuwar waje. Yayye suka wuce, ƙanne suka wuce, gero, rijiya. Ina ta cewa a raina yi sauri Alhaji, yi sauri, mutanen nan duk sun ji gaisuwarsu tuntuni, yawancinsu ma sun bi ka.

Yana cikin gaida maƙwabcinsu na gabas muryar ta yi kauri, ta ja, kamar mai magana cikin barci. Na kai hannu na danna tsayawa, amma na makara. Na buɗe, zaren ya naɗe a jikin robar da ke jansa, ya cukurkuɗe. Na sa tsinke na warware shi a hankali, ina addu'a. Abin da ya fito ba zare mai launin ƙasa ba ne, leda ce fara ƙal, ana hango yatsana ta cikinta. Fatar duk ta manne a robar ta zama gari. Daga nan har ƙarshen zaren, ɗan abin da ya rage, haka yake.

Kwamfutar kuwa ta yi aikinta daidai, babu abin da ta zubar. Na adana, na zuba a memori biyu, na zare su, ladan ya kira La'asar, inji ya mutu.

Na tare keke napep muka nufi tasha. Motar Shinkafi ta ƙarshe ta kusa cika, direba na ta buga bodi yana cewa shi fa ba zai jira kowa ba. Na sama mata wuri gefen taga, na miƙa mata kaset ɗin da memorin. Na ce Gwaggo an samu muryar, ta ɗan dushe amma ana ji, sai dai zaren ya lalace kafin ƙarshe.

“Ya kai wurina?”

“Bai kai ba, Gwaggo.”

Ta jinjina kai. “Ai daman ni ta ƙarshe.”

Ta ƙulle kayan a bakin zani, ta ɗaure tam. Na tsaya riƙe da tagar. Har direba ya tada mota, sai ta matso da fuskarta kusa da tawa, ta rage murya don kada na kusa da ita ya ji.

“Amma kai ka ji shi ɗazu, da hwarko.”

Na ce na ji.

“To wurin da yac ce a gaishe ni, akwai 'yar dariya da ya yi, ko babu? Ni dai ina jin kamar akwai. Amma an daɗe, na hwara shakka ko ni na ƙara ta.”

Na buɗe baki in ce akwai. Tana kallona, matar da ta san fuskata tun ban iya ɗaura wando ba. Na laluba kaina, na ji ƙarar ƙarfen mai walda, na ga layin sauti na hawa da sauka a allo, na ji kalmomin ma, a gaida mai ɗakina ta yi ta haƙuri. Abin da ke tsakanin kalmomin ne ban samu ba.

“Gwaggo, ban lura ba.”

“To,” ta ce. “Babu komi, ɗan ga. Je ka yi salla.”

Motar ta ja, ta fita tasha ta hau hanyar Shinkafi.